Fuskar Kamaruddeen da Cikakken Nauyinta

Sama'ilu Mai Hoto bai taɓa ɗaga murya a kan kowa ba, kuma mutanen ƙauyensu da ke kusa da Tofa sun daɗe suna kiran wannan haƙuri.

Ɗan manomi ne. Da ya gama sakandare ya ga fartanya ba ta karɓe shi ba, sai ya zauna a shagon taubashinsa Kamaruddeen, mai kwamfuta ɗaya da janareta da ke tashi in ta ga dama. A nan ya koyi gyaran hoto: goge ƙuraje, haska fata, tsayar da mutum gaban motar da bai taɓa shiga ba.

Mahaifinsa, Malam Yahya, hoto ɗaya ya yarda aka yi masa a duniya, na katin taki. Bayan rasuwarsa Sama'ilu ya kwafi hoton a kwamfutar shago, yana gyara shi a hankali don ya buga babba ya rataye wa Inna a ɗaki. Katin kuwa gara ta cinye shi a daminar. Wata rana kwamfutar ta ƙi adana aiki, ta ce wuri ya cika. Kamaruddeen ba zai goge finafinansa ba. Ya tattara hotunan duka, ya matse su zuwa JPEG, ƙananan fayiloli masu rage ingancin hoto, ya adana a kan na asali.

Da Sama'ilu ya buɗe ya faɗaɗa, fuskar babansa ta zama gida-gida kamar filin dara.

"Yaya, wannan fa ba ya komawa."

"To ai ga hular nan ana ganewa," in ji Kamaruddeen yana dariya. "Kawu ma bai damu da hoto ba."

Manya suka ce ba a kai taubashi ƙara. Sama'ilu ya ce haka ne. Bayan sallah ya buɗe nasa shagon a bakin titin Dawanau, ya yi aure, ya samu 'ya'ya, yana gaida Kamaruddeen da hannu biyu a kowane suna da jana'iza.

Kamaruddeen ya koma cinikin wake a kasuwar Dawanau, ya yi ƙiba, ya fara rina gemu. Bara ya fito takarar shugabancin ƙungiyar 'yan layinsu. Babbar fostar farko da aka yi masa a Ungogo ta fito dishi-dishi, domin ta waya aka tura hoton, ya matse a hanya. Sai ya tuna yana da ɗan'uwa.

"Kai kaɗai na yarda da kai. Kada ka rage komai. Cikakken nauyi nake so," in ji Kamaruddeen.

"Ko ɗigo ba zan rage ba, Yaya."

Sama'ilu ya tsayar da shi a rana tsaka, ya matso da kyamara, ya ce a yi murmushi. Ya adana hoton a TIFF, fayil mai nauyin da waya ba ta iya ɗauka. Ƙaramin kwafi ya tura wa Kamaruddeen, wanda a gilashin waya ya fito kamar ango. Na ainihin, a filashin kwamfuta ya kai shi wajen masu buga fosta a birni da kansa, ya zaɓi ledar bugawa mafi kauri.

Da safe aka rataye fostar a bakin layi, tsawonta ya kai ƙofar sito. Ga jan goro tsakanin haƙora, ga farin tushen gemu ƙarƙashin baƙin rini, ga gashin hanci ɗaya-ɗaya. 'Yan dako suka sauke buhuna suka tsaya kallo. Wani dillali ya ce wanda ya mayar da tsohon gemu sabo, tsohon wake ba zai gagare shi ba. Kafin azahar maganar ta zaga kasuwa.

Kamaruddeen ya zo shago ko sallama babu.

"Me ka yi wa hotona?"

"Ban yi masa komai ba, Yaya. Tun da na fara sana'ar nan, shi ne na farko da ban yi wa komai ba."

Kamaruddeen ya faɗi zaɓen. Ya sa aka sauke fostar aka jefar bayan sito. Wata Larai mai sayar da barkono ta tsince ta, ta kai ƙauyensu, tana shanya barkono a kanta a gefen hanyar masallaci, fuskar na kallon sama. Masu bugawa sun tabbatar wa Sama'ilu cewa irin wannan leda rana ba ta cin launinta da wuri.