Gadon da Ya Kalli Ƙofa

A ɗakin maza na asibitin da aka kwantar da Baba, ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Sista Juyi ake ce mata, har likitoci. Gajeriya ce kakkaura, takalminta na roba yana riga ta isowa, bakinta kuwa ba ya hutawa. Ba ta wuce gado ba tare da ta zura hannu ƙarƙashin mara lafiya ba. In ta ji danshi, ko zanin gado ya tattare, ranar mai jinya zai sha faɗa har ya ƙoshi.

Ni da farko haushinta nake ji. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, ga wannan mata duk bayan awa biyu ta zo ta mirgina shi, ta duba dunduniya da kafaɗa da ƙugu, ta cusa filo tsakanin gwiwoyinsa. Wata mai shara ce ta ba ni labarinta. Tana budurwa mahaifiyarta ta karye, aka bar ta kwance wuri ɗaya don tausayi. Ƙashin ya ɗinke, gyambon kwanciya ya tafi da ita. Abin da ya kai Sista aikin nas ke nan.

Baba dai ya ƙi kwanciyar hagu. Da an juya shi sai gurnani, yana dukan ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya. Gwaggo, ƙanwarsa, ba ta iya jurewa. Sista na ba da baya za ta lallaɓa ta mayar da shi dama, tana cewa ciwo yake ji.

Wata safiya Sista ta yaye zanin ta kira mu. A ƙugunsa na dama fatar ta yi duhu, ta yi tauri, da zafi.

"Kun gani? Daga ciki take fara lalacewa. In ta fashe, tsoho irin wannan ba lalle ya tashi ba."

Gwaggo ta zaro man zafi daga jaka za ta murza.

"Mayar da man nan jaka, Hajiya. Murzawa ƙara kashe wurin take."

Na zaci faɗa za ta rufe mu da shi. Sai kawai ta juya Baba hagu, ta ja kujera ta zauna tana kallonsa. Fuskarsa na bango, amma yana ta ƙoƙarin karkato wuya, idonsa na neman bayansa.

"Wannan ba ciwo ba ne," in ji ta. "Ƙofa yake son gani. Wa yake jira?"

Yayanmu, babban ɗansa, sun saɓa da Baba shekarun baya, ya bar gida. Mun aika masa, shiru.

"Ɗansa ne," Gwaggo ta ce tana share ido. "Ya juya masa baya."

Sista ta miƙe ta dube ni. "To mu sai mu juya masa gado. Ke, kama can."

Muka tura gadon, kai ya koma inda ƙafa take. Baba na kwance a hagu, ga ƙofa a gabansa. Ya sauke hannu daga ƙarfen, ya yi ajiyar zuciya. Ni kuwa na fita baranda na yi kukana, don tausayinsa ya cika ni.

Daga ranar tsakanin hagu da rigingine ake juya shi, Gwaggo ce ma ke tuna mana lokaci. Fatar ta washe, ba ta fashe ba. Aka sallame mu, muka ci gaba a gida, gadonsa na kallon ƙofar ɗaki, har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwar na koma asibiti na gaya wa Sista. Ta yi masa addu'a, sannan ta ce, "Bayansa fa?"

"Lafiya lau, Sista. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce ko ƙwarzane babu."

"Ɗan fa?"

Na girgiza kai.

Sai ta ɗauki filo ta nufi wani sabon tsoho da aka kawo, na ji tana tambayar matarsa, "Mama, wane ɓangare yake son kallo?"