Yaya Rabi da Inda Ƙasa Ta Ƙare

Ina cikin aji ranar Talata da hantsi, ina gyara wa ɗalibai ƙira'a, aka ce shugabar makaranta tana nemana. Da na ga ta miƙe ta rufe ƙofa da kanta na gane. Yayata Rabi'atu ta faɗi a tsakar gidanta a unguwar Ƙurban, nan Madina, tana shanya, kafin a kai ta mustashfa, wato asibiti, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan La'asar aka sallace ta a Harami, aka kai ta Baƙi'a. Ɗanta tilo, Abdurrahman, bai sani ba sai bayan an rufe ta.

Masu ta'aziyya sun yi ta faɗin haƙurinta, kuma gaskiya suka faɗa. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da mijinta ya rasu, da keken ɗinki ta riƙe Abdurrahman har gwamnati ta tura shi karatun likita a Irlanda, can bayan Ingila. Ba ta taɓa mayar da maƙwabciya da kwano wayam ba. Amma ni ba zan tsaya a haƙuri ba, domin haƙurin nan nata shi aka hau aka zauna.

Yaya Rabi ba ta taɓa wuce Jidda ba. Abu ɗaya ta roƙa a rayuwarta: ta je ta ga ƙasar da ɗanta yake, ya zaga da ita a hutun bazara. Ya aiko mata da taswira, ta manna ta a bango sama da keken ɗinki. Ba ta karanta boko, ni nake karanta mata sunayen garuruwa, tana soka allura a inda ya yi mata.

Mun yi gardama sosai a kan allurar nan. Ni Dablin nake so mu daɗe, don na karanta cewa akwai wani ɗakin karatu mai tsofaffin Alƙur'anai na rubutun hannu. Ta ce, "Hauwa, ki bar Madina ki je Dablin neman Alƙur'ani? Gari dai gari ne, mota da hayaƙi. Jidda ma akwai." Belfas ta cire da kanta, tunda rediyo kullum harbe-harbe yake faɗa. Na ba ta labarin wani tsohon gini kusa da Kok, mai dutsen da ake sumbata wai don a samu fasahar magana. Ta ajiye almakashi ta dube ni. "Dutse ɗaya ake sumbata, kuma na sumbace shi a Makka. Ke kuwa in bakinki ya ƙaru, ina za mu sa kanmu?"

Allurarta ta ƙarshe tana can yamma, kudu da Golwe, inda ƙasa take yankewa a kan wani dogon gaɓa, teku yana ƙasa. Ta ce Baba ya tako daga Kano zuwa nan da ƙafarsa, yana tafiya gabas har ya samu inda zai tsaya. Ita tana so ta je yamma ta ga inda ƙasar Allah ta ƙare, ta ce Subhanallah, ta dawo gida.

Jawaz ɗinta, wato fasfo, yana hannun babban wanmu, Yaya Sale, domin shi ne waliyyinta. Shekarar farko ya ce ana yaƙi a can. Na nuna masa a taswira cewa arewa daban, inda za mu daban. Ta biyu ya ce azumi ya faɗo a bazara, rana kuma ba ta faɗuwa da wuri a ƙasar. Da dalilai suka ƙare sai ya fito da na gaskiya.

"Rabi, kina da ciwon zuciya. In kika cika a ƙasar Nasara fa? Mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu a Madina, ke kina neman fita?"

Ta ce, "Yaya, ba mutuwa zan je yi ba, gani zan je yi."

Ya ce, "Khalas. Baɗi, in Allah ya so."

Ta yi haƙuri. Ni ban yi ba, har ya daina amsa sallamata. Da na ce mata mu kai ƙara wurin dattawa, ta ce, "Ba zan hau jirgi da fushin Yaya a bayana ba." Ta ci gaba da ɗinka wa kanta rigar sanyi mai kauri, a garin da kwalta take narkewa.

Na san falalar Baƙi'a, na karanta abin da Yaya Sale ya karanta har da ƙari. Ban taɓa ganin inda aka ce a riƙe jawaz ɗin mace mai rai don a tanadar mata kabari ba. A zaman makoki na ji shi ta bayan labule yana gaya wa maza, "Alhamdulillahi. Kun ga da ta tafi?" Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, "Ka samu abin da kake so, Yaya. Ita fa?" Matan unguwar Al-Sih suka riƙe ni suna cewa in yi istigfari. Na yi, amma ban janye tambayar ba.

Abin da ya sa waya ba ta samu Abdurrahman ba shi ne ba ya Dablin, inda yake karatu. Ya ɗauki hutu ya tafi yamma, ya je gaɓar nan ya duba da idon likita ko zuciyar uwarsa za ta iya hanyar, don ya zo wa kawunsa da hujja. Yana can a tsaye ana sallatarta.

Da ya iso ya shiga ɗakinta, ya tarar da taswira da allurai da rigar da saura hannu ɗaya. Yaron da kullum in an yi masa Hausa sai ya amsa da Larabci ya juyo wurin kawunsa, wanda ya biyo shi bakin ƙofa, ya ce da Hausa, "Kawu, na je. Hanyar ba wuya. Da za ta iya." Tun ranar ban ji Yaya Sale ya sake cewa "da ta tafi" ba.

Allah ya jiƙan Rabi'atu, ya yafe mata, ya yalwata kabarinta, ya sa maƙwabtan da ta samu a Baƙi'a su cece ta. Allah ya nuna mata abin da ya fi wanda aka hana ta gani. Allah ya ba Abdurrahman juriya, ya sa ya gama karatun da ta sha wuya a kansa. Allah ya yafe wa Yaya Sale, ni kuma ya sanyaya min zuciya, domin har yau ban kai ga yafewa ba. Amin.