Mai Riƙon Jirgi

Ƙanwata ta dawo hutu daga karatunta na ƙasar waje ana tsakar yankan shinkafa, sai Babanmu ya aiko daga Argungu cewa karatu ya isa haka, ba za ta koma ba. Tsufa ya kama shi, yana son autarsa kusa. Ni na ɗauke ta daga gidana na unguwar Gesse a 'yar tsohuwar motata. Duk hanya tana rungume da kwamfutarta, ni kuwa ina tsokanarta: wa ya taɓa shawo kan Baba da hoto?

Baba masunci ne. Shi ke riƙe jirgi, yayansa ke jefa raga. In aka fito da giwan ruwa, sunan yayan ake kira. Har yayan ya rasu ban taɓa jin an yabi Baba a bakin ruwa ba, abin kuma yana ba ni haushi har yau.

Mun same shi a zaure bayan la'asar. Da aka gama gaisuwa ya dube ta.

"To, ɗiyata, mi kika kallo can da babu shi nan?"

Ta durƙusa ta buɗe kwamfutar. Wani dunƙule ya bayyana yana juyawa a hankali, duk lanƙwasa, kamar raga da aka tara. Ta ce a kowace ƙwayar halittar jikin mutum ana kwafo saƙo daga gadon da iyaye suka ba shi, ana ce masa RNA. Wannan dunƙulen, taron furotin ne da ke ɗora wa saƙon 'yar alama, alamar kuma na da hannu a ko saƙon ya daɗe ko a rushe shi da wuri. Ido ba ya ganinsu. Sai an daskarar da su, an yi ta ɗaukar hotonsu da wata babbar na'ura, kafin siffarsu ta fito.

Ni da na zo dariya, sai ga ni na matso ina leƙe.

Baba ya nuna guda biyu da ke manne a tsakiya. "Waɗanga sun yi kama. Wane ka aikin?"

"Wanga shi ka sa alama, Baba. Da hwari an ɗauka su duka suna sawa. Sai da anka ga siffarsu, ashe aljihun sa alama na wancan a toshe yake. Saƙon shika riƙewa, shi tallabe ɗan'uwanai."

"In anka cire shi hwa?"

"Aikin duk sai shi kusa tsayawa."

Na kasa kallon Baba.

"Cikin kowa haka take?" ya tambaye ta.

"Cikin kowa. Har cikin jikinka, yanzu haka."

"Subhanallahi," in ji shi, ya sake faɗa a hankali. Ya matso da fuskarsa daf da gilashin, ya ɗora yatsansa mai kanta a kan na biyun, wanda ba ya sa komai. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ashe akwai masu zama su duba har su gane mai riƙo," ya ce. "Tahi, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. In kin tashi rubuta bincikenki, kak ki mance da shi."