Ranar da Rijiya Ta Rufta da Abokina

Tare aka yi mana kaciya da shi, a bukka ɗaya muka yi jinya, shi yana dariya ni ina kuka. Tun daga nan ba mu rabu ba. Mun yi kiwon awaki tare a ƙauyenmu da ke kusa da Guci, mun saci gyaɗar mutane, mun sha bulala tare. Ranar aurena shi ne babban aboki, ya kuma cinye kajin da aka kawo mini ko kunya babu. Ni na tsaya ga noma, shi ya gaji ubansa a haƙar rijiya. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta da amana, sai an jera itace a bangon rijiya kafin ta tsaya.

A zamanin Faransa ne, mun riga mun fara furfura, aka aiko daga Magarya cewa kumandan, Baturen mulki, zai zo rangadi, yana son ya tarar da sabuwar rijiya a bakin hanya saboda dawakinsa. Maigari ya ruɗe. Abokina ya ce itacen da aka saro bai isa ba, a ƙara masa lokaci. Aka ce kumandan ba ya jira. Haka ya shiga.

Da hantsi rijiyar ta rufta da shi. Ina gona na ji kururuwar mata, na yar da hauya na sheƙo. Na tarar maza sun kewaye ramin, hannuwa a baya, kamar masu tayin bijimi a kasuwa. Ko ƙoƙo babu wanda ya ɗauka. Al'adar garinmu, wanda rijiya ta rufta da shi ba a tono shi. Sai a ce ƙasa ta ɗauki nata, a yi masa salla a bakin ramin, a cike, nan ne kabarinsa. Amma ni na san ranar ba al'ada ce ta ɗaure musu hannu ba, tsoro ne. In gawa ta fito sai an yi anketi, wato bincike, gardi, dogaran kumandan, su kwashi mutane zuwa Magarya. In babu gawa babu magana.

Na kwanta na kafa kunne a ƙasa, na ce musu ina jin motsi. Maigari ya ce zuciyata ce ke bugawa.

"Kai dai ka yi haƙuri," in ji shi. "Wanda ya tafi ya tafi. Kada ka ja mana bala'i."

Suka ja sahu. Ina durƙushe ina kwasar rairayi da hannu, su suna kabbara a bayana. Mutanen da ya shayar, su da 'ya'yansu da jakunansu! Har yau in na tuna sai in ji ina son tofar da miyau. Suna sallamewa, har da mai tambaya ko za a raba gumbar sadaka.

Matar abokina ce ta zo da ƙwarya, ƙanena ya kawo igiya. Muna kwasa ƙasa tana zubowa, sauran kuwa suna inuwar gawo suna kallonmu. Sai bayan la'asar muka kai ga itacen. Ashe gungumen sun gicciye sun yi masa rumfa, yana tsugune a ƙarƙashi, yatsunsa duk sun saluɓe wajen tono. Ba ya numfashi, amma da na rungumo shi jikinsa da ɗumi.

Ni da ƙanena muka yi masa wanka muka sa shi a likkafani. Na je wurin liman na ce ya zo a yi masa salla. Yana zaune yana cin goro, ko kai bai ɗaga ba, ya ce ai an riga an yi da hantsi, ba a yi wa mutum salla biyu.

Na ce, "Malam, da hantsi yana da rai."

Ya tofar da tuƙar goro, ya ce Allah ya ba mu haƙuri.