Uwar Khal

Jiya maƙwabciyata ta buɗe kwalbar ruwan khal ɗin kanti, warin ya shigo ta taga, sai ga ni a tsakar gidanmu na unguwar Harra ta Yamma, a garin Ma'aiki, ina ƙarama. Kada ka ɗauka warin ɗaya ne. Na kwalba hanci kawai yake yanka, namu kuwa har ciki yake sauka.

Kakanmu namiji aikin lambun inabi yake yi wa wani Balarabe a Jurf, can gefen gari. Idan zafi ya kai intaha, inabi ya nuna, sai ya dawo da wanda ya fashe, wanda kasuwa ba ta so. Kaka ta matse ta zuba a tulu. Sai dai ba ta taɓa zubawa a tulu wayam ba. Dole akwai tsohon khal a gindinsa, wanda take kira uwa, don ruwan ya yi tsami kai tsaye, kada ya bi ta hanyar giya. Takan ce a garin Ma'aiki ko kwana ɗaya ba za ta ba Shaiɗan masauki a tulunta ba.

Kowane lambu da halinsa. Baƙin inabin Jurf ruwan zartsi ya sha, khal ɗinsa kaifi gare shi, da ɗan gishiri a ƙarshen harshe. Shi ake zubawa a ful, dafaffen waken nan na Larabawa, da soyayyen kifi, da ɗan wake. Farin da ake kawo mata daga Ƙuba sanyin hali gare shi, tulunsa daban, aikinsa kwaɗon zogale. Ranar da goggona ta zuba na Jurf a zogale, Kaka ta ce ta haɗa kura da akuya kwana. Mun daɗe muna tsokanarta da maganar.

Lambun Ƙuba aka fara sayarwa, tulunsa ya bushe. Na Jurf ya biyo baya, yanzu benaye ne a wurin. Kakannin suka rasu, tulun ya koma hannun Ummata, da ƙarfinta ya ƙare ya dawo hannuna. Na gwada inabin kwali da ake kawowa daga ƙasashen waje. Manya ne, masu kyaun ido, amma ɗanɗanon babu gari a cikinsa. Nakan ɗebi uwar kaɗan in gwada a gefe, kullum a banza, har abin da ya rage bai wuce cikin finjalin shayi ba. 'Ya'yana ba su damu ba. In na yi musu zancen da Hausa, da Larabci suke ce min ai akwai a kanti.

Bana Umma ta kwanta, ta daina cin komai. Wata safiya ta ce ful take marmari, da khal ɗin gida. Na tsaya a kan tulun, don na san in na juye, shi ke nan, babu uwa kuma. Na juye.

Ta ci loma, ta lumshe ido, ta ce ga rijiyar nan, ga inuwar lambun. Ta ƙara ci har ta suɗe yatsa. Sannan ta kama hannuna.

"Ki rage uwa a gindin tulu, 'yar nan. Baɗi idan inabin Jurf ya nuna sai mu zuba sabo."

Na ce mata to, Umma, na rage.