Ɗigo a Wajen Kwano

A shagon ɗinka littattafai nake kallon wani mutum: furfura a gemu, biro huɗu a aljihu, yana shafa kundin digirinsa kamar jariri. Shafin da ke buɗe yana ɗauke da zanen lissafi mai siffar kwano, wanda dole kowane sakamako ya faɗa cikinsa. Ɗigon sakamakonsa yana waje. Matsakaicin lambobinsa biyar ne, na murabba'insu (kowace lamba sau kanta) ashirin, alhali a lissafi wannan ba zai taɓa gaza biyar sau biyar ba, wato ashirin da biyar.

"Dakta, a ɗinke?" in ji mai shagon.

"Sai gobe nake Dakta, in na kare shi gaban farfesoshi. Shekara tara, ɗan'uwa! Ɗinke da kyau."

Ina jin tuni matarsa ta gayyaci dangi. Jan birona yana aljihu, amma na yi ritaya daga koyar da lissafi. Allura ta shiga.