Nono Bayan Feshi

Jiya a hanyar garin Mamudo warin maganin feshi ya bugi hancina, sai na tuna da Kawu. Tsohon malamin gona ne, kuma ya tsani al'adarmu ta shan nono bayan feshi wai don a karya dafin.

Wata rana na dawo daga gonar wake, rigata sharkaf da magani, na ɗaga ƙwaryar nono zan sha. Ya riƙe hannuna.

"Ɗana, Turawa suna da wata kalma, counteract," in ji shi. "Rabin farko daga harshen Latin yake, wato adawa da abu, na biyun kuma aikatawa. Nufinta a tare sharri da abin da ya kai shi ƙarfi. Nono bai kai ba. Ni ma shi na sha, dube ni."

Sai tari ya sarƙe shi. Bai ga girbin waken nan ba.

Mai feshin jiya ƙanena ne, fuska a buɗe, gorar nono a gindin bishiya. Na yi masa faɗa, ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa mu ji maganarsa tun muna da numfashi.